Wai a 2015 ne 'yan fim suka fara shiga siyasar zaɓen shugaban ƙasa?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya, ya ce shi dai a saninsa lokacin Buhari da Jonathan a 2015 ne 'yan fim suka tsunduma siyasa, kafin nan sana'arsu kawai suke yi babu ruwansu da kowa. Yana so ya san me ya ja su ciki, sannan da gaske suna kawo ƙuri'a ne ko kuwa kuɗin 'yan siyasa kawai suke kwasa.

To Malam, a'a, ba a 2015 aka fara ba, a 2015 ne dai kai ka gani saboda lokacin ne kowa ya mallaki waya mai Facebook. Fim a ƙasar nan tun ranar da ya zo a hannun masu mulki ya zo. An fara haska fim a Legas a 1903, a ɗakin taro na Glover, amma abin da ya shiga ƙauyukanmu ba sinimar biyan kuɗi ba ce, majigi ne, kuma majigi na gwamnati ne. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen yin fina-finai nasu a 1939, wanda ya jagorance shi William Sellers ma asali jami'in kiwon lafiya ne a Legas, da fim ɗin kashe ɓeraye da tsaftar gari ya fara. Tambayi duk wani dattijo da ya haura saba'in zai ba ka labari, mota ce za ta shigo gari da la'asar, a yi shela, bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a tayar da janareta, yara a gaba a zaune a ƙasa manya a baya, ga wani mutum riƙe da lasifika yana fassara abin da ake gani yana ƙara gishiri yadda ya ga dama. A nuna maka yadda ake noman auduga da gyaɗa, a nuna allurar rigakafi, sai kuma a nuna Gwamna yana duba fareti. Da mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa ba abin da ya canza illa fuskar da ke kan ƙyallen, inda ake ganin Bature sai aka koma ganin Sardauna yana buɗe asibiti ko yana sauka daga jirgi. Ka gaya min idan wannan ba kamfen ba ne mene ne? 'Yan NEPU, jam'iyyar adawa ta arewa, su kuwa da waƙa da wasan kwaikwayo da bakinsu suke yi, shi kansa Malam Aminu Kano ai marubucin wasan kwaikwayo ne tun yana saurayi, da shi yake caccakar zaluncin En'e.

A kudu ma haka. Awolowo ya buɗe gidan talabijin a Ibadan a 1959, shekarar babban zaɓe. Hubert Ogunde kuwa, wanda Yarbawa ke ɗauka uban wasan kwaikwayonsu, ya yi wasan Yoruba Ronu a 1964 kan rikicin Awolowo da Akintola, gwamnatin Akintola ta haramta masa wasa a duk Jihar Yamma, sai da sojoji suka karɓi mulki a 1966 aka ɗage. Wasan daɓe ne ba fim ba, amma waɗannan ƙungiyoyin masu yawo gari-gari su ne daga baya suka koma fim ɗin Yarbanci.

Sai dai ka riƙe wani abu, kafin 1979 babu wani abu wai shi zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya, tsarin firaminista muke yi. Na farko shi ne na Shagari da Awolowo da Zik da Malam Aminu da Waziri Ibrahim, wanda aka ƙare a kotu ana lissafin kashi biyu bisa uku na jihohi 19, kuma a kan ƙuri'ar Kano aka yi wannan rigimar. A wannan shekarar ce kuma aka kafa hukumar fina-finai ta ƙasa wadda ke Jos. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba, kuma ni a ganina shi ne babban abin da siyasar jamhuriya ta biyu ta yi wa harkar fim, shi ne gidajen talabijin na jihohi. NTA tana hannun gwamnatin tarayya, wato tana hannun NPN, jam'iyyar Shagari, gwamnonin adawa suka ga ba a nuna su sai dai a zage su, sai kowa ya buɗe nasa, Jakande ya yi na Legas, Abubakar Rimi ya yi CTV a Kano wadda yau ake kira ARTV. An buɗe su ne don siyasa, amma ai ba za ka yi ta nuna gwamna dare da rana ba, dole a cike lokaci da wasan kwaikwayo, to a nan ƙungiyoyin dirama suka samu kyamara da editin da mutanen da suka iya aikin. Da yawa daga dattawan da suka kafa fim ɗin Hausa daga wannan makarantar suka fito, su da na NTA Kaduna da Kano da Jos.

Fim na sinima kuwa, irin wanda ake ɗauka a kan zare, ya ɗan yi tashe a shekarun 1970 lokacin kuɗin mai. Adamu Halilu ya yi Shehu Umar a 1976 daga littafin Tafawa Ɓalewa, ka ga har marubucin labarin ma firaminista ne. Eddie Ugbomah ya yi fim kan kisan Murtala a 1983. Da Babangida ya kawo shirin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986 naira ta faɗi, zaren daga waje ake sayo shi, wankin fim ɗin ma a waje ake yi, sai harkar ta mutu murus. Wannan mutuwar ce ta haifi bidiyo. Ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, Kenneth Nnebue ya fitar da Living in Bondage a 1992. Kuma nan ne kaɗai lokacin da zan iya ce maka fim ya fita daga hannun gwamnati gaba ɗaya, domin kuɗin na ɗan kasuwa ne, na kasuwannin Idumota ta Legas da Onitsha da Ƙofar Wambai, shi kuma ɗan kasuwa ba ya son abin da zai sa soja ya rufe masa shago. Shi ya sa fina-finan wancan zamanin duk soyayya ne da kishiya da tsafi da rawa da waƙa. To wannan zamanin ne kai ka tashi ka gani, har ka ɗauka dama can haka abin yake, babu ruwansu da siyasa. Ba rashin ra'ayi ba ne, tsoro ne da lissafin jari.

Ko a lokacin ma ba a rasa ba. Zaɓen 12 ga Yuni 1993 shi ne na farko da aka yi amfani da tallar talabijin yadda ya kamata, Abiola ya zuba kuɗi a tallar Hope 93 da waƙarta wadda har yau akwai masu iya rera ta, aka yi muhawara shi da Bashir Tofa a talabijin, kuma ya kayar da Tofa a Kano, jiharsa. Da aka soke zaɓen Gbenga Adewusi ya fitar da bidiyon Yarbanci mai suna Maradona yana caccakar Babangida ƙiri-ƙiri. Tunde Kelani shi kuma ya bi ta bayan gida, a Saworoide na 1999 ya ƙirƙiri wani gari da sarkinsa da sojan da ya ƙwace sarauta, kowa ya gane da wa ake. Ɗaya ɓangaren kuma, a watan Maris 1998 da Daniel Kanu ya shirya gangamin mutum miliyan biyu a Abuja don roƙon Abacha ya zarce, mawaƙa da 'yan wasa aka kwaso aka cika dandamali da su. Saboda haka hayar fitattun fuskoki don tara jama'a ma ba sabon abu ba ne.

Yanzu bari in zo kan namu na Kano, don nan ne amsar tambayarka ta "me ya ja su" take. Ƙarshen shekarar 2000, bayan ƙaddamar da shari'a, gwamnatin Kwankwaso ta dakatar da harkar fim, sannan a 2001 aka kafa hukumar tace fina-finai ta jiha aka ce a ci gaba amma da sharuɗɗa. Tun daga ranar nan abincin ɗan fim ya koma hannun wanda gwamna ya naɗa. An lallaɓa ana tafiya har 2007, sai wani bidiyon waya na wata 'yar wasa ya fita gari ya ɗauka, gwamnatin Malam Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na watanni, aka kafa kotun tafi-da-gidanka. Wanda bai ga wannan lokacin ba ba zai gane ba. Da safe kana shagonka na sayar da kaset, kafin azahar an yanke maka hukunci, kafin magariba kana gidan yari. An ɗaure Adam Zango a 2007, an ɗaure marigayi Rabilu Musa Ibro a 2008, ƙarshen shekarar aka ɗaure Hamisu Iyantama kan fim ɗinsa Tsintsiya, shi kuwa Iyantama ya tsaya takarar gwamnan Kano a 2007, don haka mutane da yawa ba su yarda maganar takardun rajista ce kawai ba. An kama Aminu Ala a 2009 kan waƙa. Masana'antar ta watse, wasu suka koma Kaduna, wasu Jos, wasu Abuja.

To da 2011 ta zo, Shekarau ya fito takarar shugaban ƙasa a ANPP ya kuma tsayar da Salihu Sagir Takai ya gaje shi, kana tsammanin ina 'yan fim za su nufa? Da yawansu suka bi Kwankwaso, mutumin da shi ne ya fara dakatar da su shekara goma baya, ba don sun manta ba sai don suna neman wanda zai cire musu ƙaya. Ya ci, Rabo ya tafi, suka dawo gida. Darasin da suka ɗauka daga nan shi ne idan ba ka da uban gida a gwamnati to ranar da aka zo kama ka babu mai ɗaga waya. Kuma abin bai tsaya ba, zamanin Ganduje da hukumar ke hannun Isma'ila Na'abba Afakallah an kama darakta Sunusi Oscar da mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa a 2019, 'yan Kwankwasiyya suka ce bi-ta-da-ƙulli ne, hukuma ta ce doka ce. Da gwamnati ta juya a 2023 sai Abba Kabir Yusuf ya ba Abba El-Mustapha kujerar, ɗan fim ne shi ma. Kujera ɗaya ce, duk wanda ya ci zaɓe shi ke ɗora nasa.

Dalili na biyu kuɗi ne, kuma ba na faɗar wannan da raini. Kasuwar sidi ta mutu. Da can furodusa zai kai fim Ƙofar Wambai 'yan kasuwa su saya a buga dubbai, kafin wata ya mayar da jarinsa ya shiga wani. Sai satar fasaha ta yi yawa, sai ga masu tura fim a waya a kowane lungu, da 'yan canji kaɗan a cika maka memori da fim goma, furodusa ko sisi bai gani ba. Mutum yana da suna, duk inda ya shiga ana ihu ana ɗaukar hoto da shi, amma kuɗin haya na gagararsa, ga 'yan'uwa da yaran gida duk sun ɗauka shi attajiri ne. Sai ga ɗan siyasa ya zo yana neman daidai abin da yake da shi, wato fuska. Yadda ake yi kuwa ba ɓoyayye ba ne, a kafa ƙungiya a sa mata suna, a ɗinka anko da hoton ɗan takara, a kai ziyara gidan gwamnati ko otal a Abuja, a yi hoto, a ba shugaban tafiya abin da za a raba, a dawo a yi ta rigima a kan rabon har a fito a tona wa juna asiri a TikTok. Wanda ya yi sa'a ya samu mota ko kujerar Makka ko muƙamin mai ba da shawara. Mai ɗaukar hoto da mai riƙe fitila da mai kwalliya kuwa, waɗanda su ne rabin masana'antar, ko labari ba ya isa gare su.

A matakin tarayya Jonathan ne ya fara zawarcin masana'antar da gaske. A ƙarshen 2010, ana dab da zaɓe, ya sanar da asusun bashi na dala miliyan 200 don harkar nishaɗi, a 2013 ya ƙara da tallafin naira biliyan 3 na Project ACT Nollywood. A 2011 ma ƙin zuwa wata muhawarar 'yan takara ya yi, aka gan shi yana hira da mawaƙi D'banj a talabijin. Kuma yana da hujjarsa, don da aka sake lissafin tattalin arziƙin ƙasa a 2014 an ga harkar fim da waƙa ta haura kashi ɗaya cikin ɗari, ba wasan yara ba ce. Amma duba wani abu, a 2013 ɗin nan da ake raba tallafi, hukumar tace fina-finai ta ƙasa ta hana nuna Fuelling Poverty na Ishaya Bako, ɗan gajeren fim kan badaƙalar tallafin mai da zanga-zangar 2012. Hannun dama na miƙa kuɗi, na hagu na riƙe da almakashi. Yawancin kuɗin nan kuma a Legas suka tsaya, 'yan Kannywood sun daɗe suna ƙorafi a kai. Da Buhari ya hau aka ce za a gina musu alƙaryar fim a Kofa ta jihar Kano a 2016, malamai suka yi ca a kan mumbari, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye. Sun yi wa mutum kamfen, amma da aka zo zaɓi tsakanin su da malamai ba a ɗauki dogon lokaci ana tunani ba.

Abin da ya bambanta 2015 shi ne fim ɗin kansa ya zama makami. Tashar talabijin ta AIT ta yi ta nuna wasu shirye-shirye biyu, ɗaya kan Buhari ɗaya kan Tinubu mai suna Lion of Bourdillon, Tinubu ya kai ƙara yana neman naira biliyan 150, daga baya gidan ya ba shi haƙuri a 2016. Sannan a 2018 jaridun Ingila suka fallasa cewa a lokacin zaɓen 2015 kamfanin Cambridge Analytica ya yaɗa wani bidiyo mai cike da jini da yanka don tsorata masu zaɓe da Buhari. Duk da haka Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8.

Wannan ya kawo mu rabin tambayarka na biyu, suna kawo ƙuri'a? Ni dai ra'ayina, kaɗan ƙwarai, kuma alƙaluma suna bayana. Manyan taurarin Legas da yawa Jonathan suka yi a 2015, ya faɗi a Legas ɗin ma. Za ka ce ai waƙar Rarara ta Masu Gudu Su Gudu ta yi aiki a arewa, e ta yi, ta zaburar da mutane ta ba su abin rerawa a kan babur, amma Buhari ya samu sama da miliyan 12 a 2003 ya sake samun sama da miliyan 12 a 2011, ƙarin da ya kai shi fadar shugaban ƙasa haɗakar APC ta 2013 ce ta kawo shi, musamman ƙuri'ar Yarbawa. Gwajin gaskiya shi ne 2023, Rarara ya yi wa Tinubu waƙa ta shiga ko'ina, yara na rerawa a lungu, amma Kano Kwankwaso ta zaɓa da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya, Tinubu bai wuce dubu ɗari biyar da 'yan kai ba. Mutane sun taka rawar sun je sun dangwala wa wanda suke so. Funke Akindele, wadda a sinimar Najeriya babu mai sayar da tikiti kamarta, ta tsaya mataimakiyar ɗan takarar gwamna na PDP a Legas a 2023, suka zo na uku da ƙuri'a dubu sittin da wani abu. Mawaƙi Banky W ya nemi majalisar wakilai sau biyu bai samu ba. Wanda ya ci, Desmond Elliot, ya shiga majalisar jihar Legas a 2015 ne a inuwar APC, a mazaɓar da jam'iyyar ke da ƙarfi, wato jam'iyya ce ta ɗauke shi.

Wani zai kawo misalin Peter Obi da ya ci Legas a 2023 da goyon bayan taurari, har Kenneth Okonkwo na Living in Bondage yana cikin masu magana da yawun kamfen ɗinsa. Ni a nawa karatun guguwar matasa ce da ta taso tun zanga-zangar EndSARS a 2020, ga coci, ga ƙabila, taurarin sun shigo jirgin ne bayan ya tashi. Ɗan fim yana cika fili, wannan gaskiya ne, kuma ɗan siyasa na buƙatar hoton cikakken fili don ya nuna wa abokan hamayya da masu ba shi kuɗi. Amma wanda ya zo ganin jarumi da yawa ko katin zaɓe ba shi da shi, wani ma shekarunsa ba su kai ba. Idan ana maganar wanda ke juya ƙuri'a a arewa, malami ɗaya mai majalisi ya fi jarumai ashirin, mawaƙi kuma ya fi ɗan wasa, don waƙa tana shiga rediyo ta shiga kasuwa ba ta buƙatar data.

Kuma akwai hasarar da ba a lissafawa. Jarumi na kowa ne har ranar da ya ɗaga hannun ɗan takara, daga ranar rabin masu kallonsa sun zama abokan gaba. Sani Danja ya ɗanɗana wannan a arewa saboda Jonathan.

Abin da ya fi damuna ni ba hawa dandamali ba ne, ɗan fim ɗan ƙasa ne yana da 'yancin bin wanda yake so. Damuwata ita ce duk wannan kusancin bai haifar da fina-finan siyasa masu nauyi ba, sai ma ya hana. Wanda ya karɓi mota ba zai yi fim kan sayen ƙuri'a ba. Akwai 'yan ƙoƙari, King of Boys na Kemi Adetiba a 2018 ya taɓo alaƙar 'yan daba da masu mulki a Legas, Ishaya Bako ya dawo da 4th Republic a 2019 kan shari'ar zaɓe, a Hausa kuma Kwana Casa'in na Arewa24 ya yi abin a yaba, amma ka lura shi ma sai da aka ƙirƙiri wata jiha wai Alfawa, kamar dai yadda Kelani ya yi shekara ashirin kafin nan a ƙarƙashin inuwar soja. Rikicin 12 ga Yuni kuwa sai a 2025 ya samu fim ɗin da duniya ta kalla, My Father's Shadow na Akinola Davies, wanda aka nuna a bikin Cannes na Faransa, shekara 32 bayan abin ya faru, kuma da hannun kamfanonin Ingila a cikin kuɗinsa. A Janairun 2024 Tinubu ya naɗa Ali Nuhu shugaban hukumar fina-finai ta Jos, 'yan masana'antar sun yi murna kuma ya cancanta, sai dai hukumar nan ba ita ke tace fim ba, ba ita ke kama mutane ba, almakashin yana nan a hukumar tacewa ta Abuja da ta Kano, kuma su biyun har gobe shugaban ƙasa da gwamna ne ke naɗa masu riƙe da su.